Zauren Likitan Dabbobi: Jela tana kaɗawa, sai ga faɗa

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan karnuka suka zo, kuma abu ɗaya suke kewayawa, wato me kare yake gaya wa ɗan'uwansa in sun haɗu. Masu tambaya a kan kaji da awaki su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ina da kare namiji, Alseshiyan, irin wanda ake ce wa karen 'yan sanda, shekararsa biyu, sunansa Zaki. Ranar Asabar da yamma na fita da shi, muka yi kiciɓis da maƙwabcina yana riƙe da nasa, ƙaton kare irin Bobul. Duk su biyun suna kaɗa jela, sai muka ce bari su gaisa, muka ja su hanci da hanci. Ko minti ɗaya ba a yi ba suka kaure, kunnen Zaki ya yage, sai da aka yi masa ɗinki. Yanzu ni da maƙwabcin nawa gaisuwa ma da ƙyar, kowa yana cewa na ɗan'uwansa ne ya fara. Ashe ba murna kare yake yi ba in yana kaɗa jela?
Wani ma'aikaci, Rayfield, Jos

AMSA: Malam, sannu da jinya. Kunne wuri ne mai yawan jini, kare kuma ba ya barin ciwo ya huta, saboda haka ka sa ido kada ya yi ta kaɗa kai ko susa da ƙafa har ɗinkin ya warware. Batun wanda ya fara kuwa, kada ranka ya ɓaci, kai da maƙwabcinka ne. Karnukan sun yi ta gaya muku ba sa so, ku ne ba ku ji yarensu ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mafarauci ne. Na yi wayo na tarar da karnuka bakwai a gidanmu can bayan Naraguta, kuma in kaka ta wuce ciyawa ta bushe, ƙungiya-ƙungiya ake haɗuwa a nufi wajen duwatsun Shere. Sai ka ga karnuka sun fi talatin, na gidaje daban-daban, wasu ba su taɓa ganin juna ba, amma da wuya ka ga jini. Wata rana na nuna masa wani jan kare na ce, Baba, wancan yana son namu, dubi yadda yake kaɗa jela. Ya ce in rabu da jela, jela 'yar talla ce, kowa ta gani sai ta yi masa magana, in dubi ƙafafu da doron wuya. Bai rufe baki ba jan karen ya yi kan namu. Sai da na yi shekaru a makaranta kafin littafi ya maimaita mini abin da tsohon nan ya faɗa a tsaye da gora a kafaɗa.

Kaɗa jela alama ce jinin kare ya motsa, iyakarta ke nan. Murna tana motsa shi, tsoro yana motsa shi, neman rigima ma haka. A yanayin kaɗawar ake gane wanne ne. Ta murna a sake take, tana share iska hagu da dama, har ƙugu yana rausaya tare da ita, baki a buɗe, harshe a waje. In jela ta miƙe sama ƙiƙam ta sandare, bakinta kaɗai ke karkarwa kamar wayar da aka kira a kan tebur, wannan karen cewa yake ga ni nan, wa ya isa. In kuwa tana ƙasa, tana neman shiga tsakanin cinyoyi, ana kaɗa ta ƙanana-ƙanana, tsoro ne da ban haƙuri, kuma matsoracin kare in aka matse shi ya fi kowa saurin kai cizo. Zan iya rantsuwa sandararriyar nan ka gani ranar Asabar, a jikinsu duka.

Har gefen da jelar ta fi karkata an bincika. A 2007 wasu masana a Italiya, daga jami'o'in Bari da Trieste, sun gwada karnuka 30 suna ɗaukar jelarsu a bidiyo. In kare ya ga ubangidansa, jelar ta fi zuwa damansa. In baƙon kare mai ban tsoro ya gani, sai ta fi zuwa hagu. A 2013 suka ƙara gano cewa karnuka suna lura da wannan a jikin junansu, har bugun zuciyarsu yana ƙaruwa in sun ga mai kaɗawa hagu. Ilimi ne mai daɗin ji, amma a bakin titi, da ƙaton kare yana fizgar hannunka, ba za ka iya auna hagu da dama ba. Ni ma ban taɓa iyawa ba.

Abin da ido zai iya gani shi ne yadda suke tunkarar juna. Karnuka masu ladabi ba sa zuwa gaba da gaba. Kowanne yakan ɗan yi kwana ya zo ta gefe, ya kau da ido, su shinshina fuska kaɗan, sannan su zagaya baya. Wannan shinshinar gindi da ke ba mutane kunya har su finciko igiya, ita ce ina kwana da ya iyalinsu. A gefen duburar kare akwai 'yan jakunkuna biyu, in ka ɗauki wurin kamar fuskar agogo suna wajen ƙarfe 4 da ƙarfe 8, suna fitar da wani ruwa mai wari kamar ruɓaɓɓen kifi, kuma kowane kare da irin nasa. Hancin kare yana da ƙwayoyin jin wari da kan kai miliyan 300, namu kuwa wajen miliyan 6 ne, don haka a shinshina ɗaya ya san namiji ne ko mace, ko karyar tana neman barbara, ko sun taɓa haɗuwa. Ku kuwa da kuka ja su hanci da hanci, kun hana su sallama, kun tura kowanne tsakiyar zauren ɗan'uwansa ya tsaya yana zare masa ido.

Igiyar ma tana da nata laifin. In ka ɗame ta, kan kare yana ɗaguwa, ƙirji ya turo gaba, nauyi ya koma kan ƙafafun gaba, wato ka tsayar da shi tsayuwar mai neman faɗa ko da bai yi niyya ba. Ka kuma toshe masa hanyar janyewa, alhali da yawan rigimar karnuka a nan take mutuwa, ɗaya ya kau da kai ya tafi ya yi fitsari a gindin bishiya kamar ba abin da ya faru.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wajen kare sai a tambayi jiki duka, kuma tambaya ɗaya ce: a sake yake ko a sandare? Bakin da ke buɗe ya rufe gam. Gashin gadon baya ya mimmiƙe daga kafaɗa zuwa gindin jela, wanda kamar tashin tsikar jiki ne a wajenmu, ba da gangan yake yi ba. Ɗaya ya ɗora haɓarsa ko ƙafarsa a kafaɗar ɗayan. Sai kuma mafi muni, su tsaya cak, shiru, ba haushi ba gurnani, kamar an dasa su. Mutane suna tsoron kare mai haushi. Ni shirun nan nake tsoro, don daƙiƙa biyu ko uku ne tsakaninsa da cizo. In ka gan shi kada ka yi tsawa, kada ka fizga da ƙarfi. Kira sunan naka da murya mai daɗi, ka juya ka yi tafiyarka da shi.

In kuna so ku sake gwadawa bayan kunnen ya warke, kada ku yi a ƙofar gidan ɗayanku. Ku sami hanya mai faɗi, irin ta wajen filin golf ɗin nan naku, ku bi gefe guda kuna tafiya, tsakaninku kamar taku goma, ba wanda ke fuskantar wani. In kun ga suna shinshina ƙasa suna harkar gabansu, gobe ku rage tazarar. Ranar da za su gaisa, igiya a sake, ka ƙirga uku a ranka, ku raba su ku ci gaba da tafiya. Amma in gaya maka gaskiya, maza biyu ƙarti, sa'annin juna, ba wanda aka yi wa fiɗiya, kuma sun riga sun zub da jini, ba lallai su taɓa zama abokai ba. In sun iya wuce juna a hanya ba hayaniya, ya wadatar. Maƙwabcinka dai ka je ka same shi, shi kam kuna jin yaren juna.

TAMBAYA: Likita, karnukanmu biyu ne, na gida, mace mai shekara ɗaya da namiji ɗan wata takwas. Kullum da safe sai sun yi ta kokawa a tsakar gida, suna gurnani suna cizon wuyan juna, yara su yi ta kuka. Maigida yakan fito da bulala ya raba su, amma da ya shiga sai su koma. Ba mu taɓa ganin rauni ba. Mu ba da ɗaya ne?
Maman yara, Dadin Kowa, Jos

AMSA: Maman yara, amsarki tana cikin wasiƙarki. Kullum suna cizon wuyan juna ba ko ƙwarzane, kuma an raba su sun koma da ƙafarsu. Haƙorin da ke fasa ƙashin saniya, in da gaske yake, ba ya kwana biyu bai huda fata ba. Wasa suke yi, kuma a sanyin safiyar Jos ba abin da ƙaramin kare yake so kamar wannan.

Gobe ki ɗauko kujera ki zauna ki kalle su tun daga farko. Za ki ga ɗaya ya zube ƙirjinsa ƙasa, ƙafafun gaba a shimfiɗe, gindi a sama, jela tana lilo, wani lokaci da ɗan haushi siriri. Ni durƙuson gayyata nake ce masa. Ma'anarsa duk abin da zai biyo baya wasa ne, kada a ɗauke shi da zafi. Wani masani a Jami'ar Colorado ta Amurka, Marc Bekoff, ya rubuta a 1995 cewa karnuka sun fi yin durƙuson nan dab da cizo mai haɗe da girgiza kai ko bayansa, kamar mai cewa yi haƙuri, ban yi da nufi ba. Binciken da ya zo daga baya ya nuna suna yawan yin sa in wasa ya tsaya, don a tayar da shi.

Akwai wata karya a gidana, Dusa, ta haura shekara shida, da wani ɗan kwikwiyo da aka kawo mini jinya ya zama ɗan gida. Ta ninka shi uku a nauyi. Da zarar ya zo yana tsalle-tsalle, sai ta faɗi da kanta ta yi rigingine, ta bar shi ya hau ƙirjinta yana jan fatar wuyanta yana gurnani kamar ya kashe zaki. Can sai ta tashi ta bi shi da gudu su zagaya tankin ruwa, ya juyo shi ma ya biyo ta. Bayan kamar rabin minti su tsaya, ta yi atishawa, ya kakkaɓe jiki kamar wanda ya fito daga rafi, su kalli juna, sai ya sake durƙusawa. Abin da nake so ki nema ke nan a wajen naki. Babba yana rage ƙarfinsa da gangan, ana karɓa-karɓa tsakanin mai bi da wanda ake bi, na sama ya koma ƙasa, ana kuma tsayawa a sha iska. Motsin ma na shiririta ne, tsalle ya fi gudu yawa, baki a wangale. Gurnanin wasa yana da ƙara amma sama-sama yake, yana yankewa. Na faɗa daga ƙirji yake fitowa, ƙasa-ƙasa, a jere, leɓe a tattare fiƙoƙi a waje.

In kina shakka, ga gwaji mai sauƙi. Ki riƙe wanda ya fi matsa wa ɗan'uwansa, a hankali, ki bar ɗayan a sake. In ya dawo yana tsokana, to da yardarsa ake yi, ki sake su. In ya samu sarari ya gudu ƙarƙashin mota ko bayan kicin, an fara cin zalinsa, a ba su hutu. Haka nan in kin ga kullum ɗaya ne a ƙasa, jela a matse, yana yawan lashe baki da hamma ba barci yake ji ba, yana kallo ta wutsiyar ido har farin idon ya fito, ko ya yi ƙara ɗayan bai saki ba. Namijin nan naki yana shiga balaga, watanni masu zuwa zai fara gwada ƙarfi da yawan hawa bayanta, kuma in ba 'yan kwikwiyo kuke so ba, lokacin zuwa ganin likita ya yi.

Bulalar ce ban so ba, ki gaya wa maigida cikin ladabi in ji ni. Gurnani gargaɗi ne. Karen da ake duka duk lokacin da ya yi gurnani yakan koyi yin shiru, ranar da ransa ya ɓaci da gaske sai dai a ji ihun wanda aka ciza. Yara kuma a hana su shiga tsakani ko da wasan ne, don haƙori yana kuskure. Ki zaunar da su kusa da ke, a ga wanda zai fara hango durƙuson, kukan zai koma dariya.

TAMBAYA: Yallaɓai, kare irin Rotwaila nake da shi, an yanke masa jela tun kafin in saya. Ba shi da faɗa, amma duk karen da ya gan shi sai ya yi ta haushi ko ya ja da baya. Ko don baƙi ne?
Wani ɗalibi, Kubwa, Abuja

AMSA: Ƙanena, girmansa da baƙin fuskarsa suna da nasu rabon, amma jelar ce babba. A 2008 masu bincike a Jami'ar Victoria ta Kanada sun ƙera karen roba mai motsi, suna sa masa doguwar jela ko gajera, suka ajiye shi inda ake sakin karnuka. In doguwar tana kaɗawa karnuka sun fi zuwa ba ɗar-ɗar, in ta tsaya su yi hattara. Gajerar kuwa ko ta kaɗa ko ta tsaya duk ɗaya ne a wajensu, ba sa iya karanta ta. Naka kamar mai magana ne da rabin harshe. Haka masu yankakken kunne, da karnuka irin su Lasa da gashi ya rufe musu ido. Ingila ta hana yanke jela don ado tun 2007, in ban da wasu karnukan aiki, mu a nan har yanzu masu sayarwa gani suke ƙarin kuɗi ne. Jela dai ba ta tsirowa. Ka nema masa aboki ɗaya ko biyu masu sanyin hali, su saba a hankali, za su koyi karanta sauran jikinsa.

TAMBAYA: Likita, kwikwiyona ɗan sati tara in ya ga babban karen yayana sai ya kwanta rigingine har ya ɗan yi fitsari. Rago ne zai zama? Don gadi na saye shi.
Wani mai shago, Farin Gada, Jos

AMSA: Malam, ladabi ne, irin na yaron da ya cire takalmi ya durƙusa gaban dattijo. Yana cewa ni ƙarami ne, ba ni da rigima, kuma yawancinsu suna daina fitsarin da sun girma. Kada ka yi masa faɗa, faɗan ƙara abin yake. Daga sati 3 zuwa wajen sati 12 ko 14 ne kwikwiyo yake koyon yaren 'yan'uwansa, wanda aka kulle a keji lokacin nan shi ne yake tashi bai iya gaisuwa ba, ya ga kowa abokin gaba, har baƙinka da 'ya'yanka. To amma lokacin ne kuma zawon jinin nan da muke kira fabo yake kashe su, ƙwayar cutar tana watanni a cikin ƙasa. Sai ka bar shi da karen yayanka a cikin gida, in dai an yi wa babban allura, amma banda yawon titi da bola sai ya gama nasa alluran, waɗanda ake farawa a sati 6 zuwa 8 a ƙare wajen sati 16.

TAMBAYA: Ɗana likita, ni mai gadi ne, na haura sittin. Shekaranjiya da dare wani karen da ban san mai shi ba ya shigo ya kama faɗa da na gidan da nake aiki. Na sa hannu in janye namu, baƙon ya cije ni a yatsa ya gudu. Na zuba man birki na ɗaure. Ciwon ƙarami ne, ya isa?
Mai gadi, Bukuru

AMSA: Baba, sannunku, amma bai isa ba, kuma ina roƙonku kada ku jira gobe. Ku kwance ƙyallen nan, ku wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, ku tafi asibiti yau a fara muku allurar ciwon haukan kare, a duba ta tetanos ma. Ƙanƙantar ciwon ba ta da wata ma'ana a nan, yawun da ya shiga shi ne abin ji, yatsa kuma wuri ne mai yawan jijiya. Da karen sananne ne, da sai a tsare shi kwana 10 ana dubawa, to ya gudu, ba wanda ya san halinsa. Cutar takan yi wata biyu ko uku a ɓoye, kuma da zarar alamunta sun fito magani ya ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum 59,000 take kashewa a shekara, kusan duka ta cizon kare. Alluran ba ɗaya ba ne, akwai na ranar farko, da ta 3, da ta 7, da sauran da za a rubuta muku, kada ku tsallake ko ɗaya don kun ga yatsa ya warke. Kuɗin kuma a bakin aiki kuka samu raunin, ku gaya wa maigidan kai tsaye.

Karen gidan shi ma a kai shi a duba katinsa a ƙara masa allura. Ku da kuke Bukuru ga Vom nan kusa da ku, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa take tun 1924, a can ake yin allurar karnuka, a can ake gwada ƙwaƙwalwar wanda ake zargi. In baƙon ya dawo ko aka tsinci gawarsa a unguwa, kada kowa ya taɓa shi da hannu, a kira ma'aikatan dabbobi.

Nan gaba in faɗa ya kaure, hannu ba ya zuwa wajen wuya ko baki, don a lokacin ko naku bai san ku ba. Bokitin ruwa, ko buga murfin tukunya, ko a zura faffaɗan katako tsakaninsu. In ku biyu ne kuma karnukan duk sanannu ne, kowa ya kama ƙafafun bayan ɗaya ya ɗaga kamar mai tura baro, ya ja da baya yana kewayawa don kada ya juyo. Baƙon kare kuwa, ku buɗe masa ƙofa ku koma gefe da tocilarku. Ku aiko mini da saƙo in kun karɓi allurar farko, Baba.